Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Kwamishinan Ayyuka Kan Aikin Kwalbati

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kukana a kan kwalbatocin da ake binnewa a ƙarƙashin hanyoyinmu ne. Kowace damina sai ka ga titi sabo fil ya yanke, in ka je ka duba, daidai kan kwalbati ya yanke. Jama'a su ce ruwa ne ya yi yawa, alhali sau tari bututun ne aka sa ƙarami.

Girman kwalbati ba da ido ake yanke shi ba. Injiniya sai ya auna faɗin filin da ke zubo ruwansa wurin, ya duba gangarensa, ya tantance ko yashi ne mai shanye ruwa ko unguwa ce da ta cika da siminti da rufin kwano. Sannan ya yi lissafi da mamakon ruwan da ake sa ran zuwansa sau ɗaya a shekara 25 ko 50, gwargwadon muhimmancin hanyar. Ɗan ragi a nan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Bututu mai faɗin santimita 90 yana ɗaukar kusan ninki uku na ruwan da mai santimita 60 ke ɗauka, in gangarensu ɗaya. Ɗan kwangilar da ya zaftare santimita 30 don ya samu rara, kusan kashi biyu cikin uku na hanyar ruwan ya toshe.

Shimfiɗa bututun ma da ƙa'ida. In ya kwanta da yawa, yashi da leda su cushe shi. In gangaren ya yi tsanani, ruwa ya fito da gudu ya riƙa cin ƙasan bakinsa, sai ka ga bangon bakin kwalbatin na reto, rodi a waje. Shi ya sa ake jera manyan duwatsu a mafitar ruwan. Ciko kuwa kaɗan-kaɗan ake zuba shi ana dannewa da inji, ba a juye tifa guda a bi da kwalta ba.

Ranka ya daɗe, ina roƙonka da babbar murya, kada ma'aikatarka ta sa hannu a kan zanen da bai zo da lissafin ruwansa ba. Kada a yarda a rufe kwalbati da ƙasa sai injiniyanku ya je da ƙafarsa ya auna, domin in an binne, shi ke nan, babu mai sake gani. Kuɗin ɗan kwangila kuma a riƙe har sakamakon gwajin ƙarfin kankare na kwana 28 ya fito. Kwalbatocin da ke ƙasa tuni, a taimaka a yashe su tun kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai bin hanya