Ɗan aiken na'ura da rajistar kamfanoni: a duba takardar kafin a yarda

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu shagunan kwamfuta, musamman waɗanda 'yan kasuwa ke turowa su binciko musu kamfani kafin a ba shi kaya bashi.

Shagona yana Runjin Sambo a nan Sakkwato. Kawuna dillalin albasa ne, kuma tun da wani ya taɓa cinye masa kuɗin mota guda da takardun bogi, ba ya sakin buhu sai na duba masa sunan mai saye. Da can shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, nake shiga da kaina. Bana sai na haɗa wani ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira da wata manhajar bincike, ka faɗa masa suna, shi ya je ya nemo.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne, ɗan aiken nan bai san manhajar ba sai ta ɗan bayanin da masu ita suka rubuta: ga aikina, ga abin da za ka ba ni, ga abin da zan dawo maka da shi. Inda bayanin ya yi shiru, shi ba ya shiru, cike gurbin yake yi da hasashe, kuma da murya irin ta wanda ya tabbata.

Ga yadda ta kasance. Wani mai saye ya zo daga Birnin Konni ta Illela, na ba ɗan aiken sunan kamfaninsa, ya ce babu shi. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wanga abu naka ya san Konni kuwa?" Ashe bai sani ba. Kamfanonin Nijar rajistarsu daban ce, ana kiranta RCCM, ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, manhajar kuwa ba ta leƙa can ko kaɗan. Layi ɗaya ya isa a rubuta ƙasashen da take dubawa, ba a rubuta ba. Saura ƙiris mu mayar da mutumin kirki ɗan damfara.

Tun daga ranar ba na ɗaukar manhaja sai na karanta bayaninta da idon mai neman aibi. Farko ina duba abin da take nufi idan ta dawo hannu rabbana: babu kamfanin ne, ko layin intanet ya yanke, ko rubutun sunan ne ya bambanta? Wannan na ƙarshe ya fi damun mu. Suna ɗaya ana rubuta shi Muhammad, Mohammed ko Muhammadu, Usman ko Uthman. In bayanin bai faɗi ko tana kamo sunaye masu kama da juna ba, to "babu" ɗinta ba hujja ba ce.

Sai lamba. A Najeriya kamfani RC yake ɗauka, sunan kasuwanci BN, ƙungiyoyi masu amintattu kuma IT. Na ga bayanin da ya ce kawai "saka lambar kamfani", bai ce da haruffan ko ba su ba, bai kawo misali ko ɗaya ba. Ɗan aiken ya yi ta gwadawa har ya kawo mini wani kamfani daban a Legas.

Akwai kuma maganar kwanan wata. Daga rumbun hukuma kai tsaye ake ɗaukowa, ko kwafi ne da aka adana tun bara? Sannan in aka nuna kamfani ba ya aiki, sau da yawa bayanan shekara-shekara ne bai miƙa ba, ba rushe shi aka yi ba. Ɗan aiken da ba a fayyace masa haka ba sai ya ce maka kamfanin ya mutu, alhali mai shi yana kasuwar Kara yana lodi.

Ba wai abin ya gagara ba ne. Hukumar Companies House mai rajistar kamfanoni a Birtaniya ta zayyana ma'anar kowane gurbi da kowace lambar kuskure a bayanin manhajarta, kowa na iya karantawa kyauta. Mu ma da dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 da rajistar masu mallakar kamfanoni na ainihi da aka buɗe a 2023, bayanan suna ƙaruwa. Matasanmu da ke gina irin waɗannan manhajoji, har da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke zuwa shagona, ina roƙon su ba rubutun bayanin lokaci kamar yadda suke ba ginin kansa.

Ni dai yanzu kafin in yarda da sabuwar manhaja, sunaye uku nake ba ta: kamfanin da na san yana nan, wanda na ƙirƙira da kaina, da na mutumin Konni. Biyu daga cikin huɗun da na gwada watan jiya sun faɗi a na ukun. Shi kuwa Kawu har gobe sai ya buga waya Illela ya tambayi dillalai kafin ya ce a ɗora kaya.

Naka,
Mai shagon kwamfuta,
Runjin Sambo, Sakkwato