Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Itacen Gawo

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na samu saƙonka da hotunan itatuwan Ingila da ganyensu ya rine ja da rawaya kafin sanyi ya kakkaɓe shi. Sun yi kyau ƙwarai, amma ina so in tuna maka da gawo, wanda a ganina babu itacen da ya kai shi ban mamaki a ƙasarmu, ko da yake sabo ya sa muna wuce shi ba tare da mun ɗaga kai ba.

Yanzu da aka gama girbi na bi hanyar Daura zuwa Matamaye, gonaki duk sun bushe sai karan gero a tsaye, amma kowane gawo ya cika da sabon ganye. Ka san halinsa: idan damina ta sauka, sauran itatuwa suna toho, shi kuwa sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi kore, domin saiwarsa tana nutsawa can ƙasa inda danshi ba ya yankewa. Saboda haka ba ya tare wa gero rana a lokacin da yake bukatarta, ganyen da ya zubar kuma ya ruɓe ya zama taki, shi ya sa za ka tarar zangarniyar da ke ƙarƙashinsa ta fi ta tsakar gona kauri.

Na tsinko reshe ɗaya na duba shi da kyau. Ɓawonsa fari-fari ne, kuma ba ya tafiya a miƙe, yana karkata dama da hagu a kowace gaɓa, inda ƙayoyi biyu suke fitowa tare. Ganyen ya rabu gida-gida, kowane gida ɗauke da ƙananan ganyaye jere biyu suna fuskantar juna kamar ɗinkin gwanin tela. Furen yana da ƙamshi mai sanyi, ƙudan zuma na ta kai-komo a kansa. Nan da 'yan watanni 'ya'yan za su nuna, jajaye a murɗe, kuma awaki da tumaki sun san ƙarar faɗuwarsu, da sun ji sai su rugo a guje. Su ne ma masu shuka shi, domin ƙwayar tana fin saurin tsirowa idan ta bi ta cikin dabba.

Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Bayan fari da aka yi a shekarun 1970 da 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gona suna rage masa rassa maimakon su ƙone shi, aikin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya taimaka wajen yaɗawa daga 1983. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5. Ni dai manoman nake jinjina wa, domin su ne suka hana hannunsu ɗaukar gatari a shekarun da itacen girki yake wuya.

Idan ka shiga lambun Kew a Landan, ka duba mini ko suna da gawo a ɗakunansu na gilashi, da kuma watan da yake zubar da ganye a can. Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka amini.