Wasiƙa daga Tawa zuwa Tunis

Salamu alaikum aboki, ina gajiya, ina sanyin Tunis? Mu nan Tawa lahiya lau, sai hazo da ya ruhe gari kwana huɗu ke nan. Ran Juma'a na biya gidanku, Inna na lahiya, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi, kuma wai muryarka a talho ba ta yi mata daɗi ba. Ni ma ba ta yi mini ba, shi ya sa na zamna na rubuto maka dogo.

Saƙonka sau ukku na saurare shi. Ka ce jarrabawar elektronik ta kada kai sai ka sake zama, kuma abin da ya hi ci maka rai maganar mutane, wai yaro ya ci bak, ya samu burs, ya ƙetare hamada, ashe gyaran injunan likita ya tai koyo ba lokotoro za ya zama ba. Har kana tunanin ka aje ka sake wani fanni daga farko. Walla ban yarda ba, bari ka ji abin da na gani da idona.

Sati biyu da suka wuce ina gardi da dare a likita aka kawo wata yarinya, ba ta kai shekara biyu ba, ciwon huhu, haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja numfashi. Na maƙala mata abin awon oksijen na jini a babban yatsan ƙafa ya nuna 84, ka san in ya yi ƙasa da 90 sai oksijen. Injin oksijen biyu gare mu, guda na wurin wani jariri, gudan da na kunna sai kuka da jar wuta, iska na hita amma awon yarinyar bai motsa ba. Uwar na riƙe da ƙarhen gado tana kallon injin tana kallona, ba ta ce komi ba, ni kuma ga allura ga magani a hannuna amma abin da ɗiyarta ke bukata yana cikin wannan akwati da ban san ko ta ina ake buɗe shi ba. Sai da muka gangaro da butalin gas na ƙarshe daga ɗakin tiyata. Allah ya yi da sauran kwananta, an sallame ta.

Bayan kwana ukku mai gyara ya zo, wani dattijo da ƴar jikkarsa. Ya zare soson tace ƙura da ke bayan injin, aboki da ka ga ƙura, ja wur ta daskare kamar tubali. Shi ya zamna ya yi mini bayani, ya ce iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijen, 78 azot, injin yana matsa iskar ta bi cikin wasu gwangwanaye biyu masu garin zeyolit, garin ya riƙe azot ya saki oksijen sama da kashi 90. In soso ya toshe komfuresa ya yi zahi, in ƙura da danshi suka kai ga garin ya mutu, sai injin ya riƙa hura iska ta banza. Wai kowane sati ya kamata a wanke soson da ruwa a shanya. Shekara biyu ina aiki da injin nan ba wanda ya taɓa gaya mini, takardarsa da Ingilishi take, ita ma ta ɓace.

Da za ya tai na kai shi magaza inda muke aje matattun injuna. Kwalbar bakwaini guda, injin eko na hoton ciki, tukunyar dafa kayan tiyata, wasu kyauta aka kawo su daga waje na volt 110 alhali kuran ɗinmu 220 ne. Ya ce da yawansu abin da ya kashe su ƙarami ne. Shi kaɗai ke yawo tsakanin garuruwa, kuma ya kusa ritaya.

To kai wannan ne ake ce maka ba karatu ba? A Yamai akwai babbar likita Hôpital Général de Référence mai gado 500, tun 2021 kuma aka fara gashin ciwon kansa da na'ura a cibiyar ciwon kansa ta ƙasa, duk waɗannan injuna sai da mutum mai ilimin da kake nema suke aiki. Ka tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke muna kuran, kowace likita da gurup ta rayu, wuta ta zo ta ɗauke ta dawo da ƙarhi, ka san abin da wannan ke yi wa na'ura.

Lisans shekara ukku ce, ka ci rabi. Ka riƙe elektronik ɗin nan da kyau, ka nemi wanda ya hi ka a aji ku zamna tare. In lokacin istaj ya yi don Allah kar ka tsaya ofis kana cika takardu, ka liƙe wa tsohhin masu gyara, ka riƙe multimeta, abin auna wuta, da hannunka, ka koyi lika waya. Ka riƙa tambayar malamanku, injin nan in ya shiga zahin digiri 45 na watan Afrilu da ƙurar Adar mi za ya fara mutuwa? Kowane littahin gyara ka samu ka aje a kwamfuta, ka ƙara Ingilishi ko don karanta su.

Kuma ka tambayo mini kuɗin ɗan abin da ake auna tsabtar oksijen da shi, dattijon ya ce da muna da guda da mun gane injin ya gaji tun kahin wannan dare. Mu da ke gardi za mu haɗa kuɗin. Inna ta aje maka cuku da kilishi, in an samu mai tahowa zan sanar da kai. Ka kira ta ran Lahadi.

Naka,
abokinka na Tawa