Kada hadari ya sa a shigar da murhun gas cikin ɗaki

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana game da masu dafa giya a gida. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida ba sa sha kuma ba sa dafawa, amma batun rai ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin da idona na ga yadda hadari ɗaya ya kusa yin ajalin maƙwabcina.

Ranar da abin ya faru, ya ɗora tukunya mai cin lita 20 a kan murhun gas a tsakar gida. Ruwan tsiron hatsi da ake yin giya da shi sai ya yi aƙalla minti 60 yana tafasa, kuma a buɗe ake barinsa don tururi ya fice da wani sinadari da ke sa giya warin dafaffiyar masara. Bai kai rabin lokacin ba hadari ya haɗu, iska ta fara kaɗa wutar, sai ya ja murhun zuwa gareji, ya turo ƙofa saboda feshi. Da na leƙa bayan wani lokaci, na tarar da shi zaune a ƙasa ya dafe kai, yana cewa jiri yake ji kuma zuciyarsa na tashi. Harshen wutar da ya kamata ya zama shuɗi ya koma ruwan ɗorawa, gindin tukunyar ya yi baƙi ƙirin. Na fito da shi cikin ruwan, muka garzaya asibiti, inda aka sa masa iskar oksijin har ya dawo hayyacinsa.

Iskar kabon monoksaid ce ya shaƙa, wadda wuta ke fitarwa idan ba ta samu isasshiyar iska ba. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, shi ya sa mutum kan ɗauka gajiya ce kawai har ƙafafunsa su kasa ɗaukarsa. Murhun da aka ƙera don aikin waje wutarsa babba ce, taga ɗaya a buɗe ba ta wadatar. Ga shi kuma gas ɗin kansa ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya sai ya kwanta a ƙasan ɗaki yana jiran tartsatsi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ruwan saman da ya guje wa ba zai yi wa girkin wata babbar illa ba. Ɗigon da ya faɗa cikin tukunya mai tafasa, zafi ya riga ya kashe duk ƙwayar cutar da ke cikinsa. Inda ruwan sama da ƙura ke ɓata giya shi ne bayan an sauke, lokacin da ake huce ta zuwa wajen digiri 20 kafin a zuba yis, kuma a nan murfi mai tsabta ya isa, tunda an riga an kashe wuta.

Wanda ya ga lalle sai ya ci gaba, ya yi a ƙarƙashin rumfa mai tsawo wadda gefunanta suke a buɗe, ya tare iska da farantin ƙarfe ta ɓangaren da take bugowa kaɗai, ba tare da ya rufe tukunyar gas a cikin zafin ba. Kada kuma ya ɗauki tukunya mai tafasa ya bi ta jiƙaƙƙen daɓe, domin ruwa mai zaƙi yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni. Idan aka fara tsawa da walƙiya kuwa, a ganina babu sauran shawara sai a kashe gas, a rufe tukunya, a shige ciki.

Ina roƙon jaridarka ta tuntuɓi likitoci da jami'an kashe gobara su yi wa jama'a bayani a kan wannan iska. Maƙwabcina ya warke, amma ya shafe kwanaki yana fama da ciwon kai.

Naka,
Wani mai karatu