Yaya, a bar gonar Baba yadda take

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Inna da yara duk kuna lafiya, kamar yadda nake lafiya a nan Sifen.

Na turo yuro 200 ta hannun mutumin nan na Maradi, zai kama jika 130 da 'yan kai. Jika 50 na maganin Inna ne, kada a taɓa su. Jika 40 a sayi gero a zuba a rumbu tun bai yi tsada ba. Sauran a biya wa Auta makaranta, amma kada a ba shi a hannu, kai ka je ka biya da kanka.

Yaya, na ji wata magana da ta hana ni barci. An ce Kawu ya kawo mai saye ya zagaya gonar Baba ta bakin hanya, an ce kuma kana wurin. Ban yarda ba tukuna, sai na ji daga bakinka.

Muna cikin tsinkar zaitun a lardin Jaén, tun watan Nuwamba. Akwai sanyi da safe, yatsu na ƙagewa kaɗan, amma in rana ta fito shi ke nan. Kada a gaya wa Inna maganar sanyin. Lardin nan yana da itacen zaitun fiye da miliyan 60, duk tudun da ka duba su ne a jere. Muna shimfiɗa raga a ƙasa, inji ya girgiza itacen, mu bi da dogayen sanduna muna kakkaɓe ragowar. Kilo 5 ke ba da kusan lita ɗaya ta mai.

Gonar da nake aiki ta gado ce. Tsohon gidan ya haura shekara 80, ya daina aiki, amma kullum sai ya zo ya zauna kusa da mu lokacin cin abinci. Ya ce kakansa ɗan ƙodago ne a gonar wani attajiri, da guminsa ya sayi ɗan fili mai tsofaffin itatuwa. Aka yi yaƙin basasarsu daga 1936 zuwa 1939, yunwa ta biyo baya, gurasa da ɗigon mai kawai suke ci. Daga baya samarin garin suka watse zuwa Basalona da Jamus neman kuɗi, kamar yadda muka watse. 'Yan uwansa biyu suka tafi, suka aiko cewa a sayar a raba. Uwarsu ta ce sai bayan ranta. Da ya faɗi haka na kasa haɗiye lomar da ke bakina.

Ya nuna mini tsohon dutsen niƙan da alfadari ke juyawa, da faya-fayen ciyawa da ake jera niƙaƙƙen zaitun a kai a matse. Sai na tuna Inna tana matsar tunkuza. Su dai ba sa samun ƙuliƙuli, ƙwallon suke ƙonawa su ji ɗumi. Yanzu jikarsa ce ke riƙe da harkar, ta yi jami'a ta dawo gida, ta sa sunan gidansu a kwalba tana sayarwa har ƙasashen waje ta intanet. Ka ji abin mamaki, man nan "aceite" suke ce masa, daga zait na Larabci, tun zamanin Andalus. In ina aiki ni kaɗai nakan karanta Wattini wazzaituni.

Su ma sun sha fari a 2022 da 2023, man da ƙasar ta samu ya ragu da kusan rabi, rassan suka tsaya fayau babu 'ya'ya. Wasu maƙwabta sun sayar. Su sun ci bashi, sun jira ruwa. Bana ga mu muna cika motoci, har tsohon ya ce a ƙara ni cikin masu sassabe rassa bayan tsinka, don ya ga hannuna ya san gona.

Na san ba ni da bakin magana sosai. Kai ke noman, kai ke kai Inna likita, ni ko jana'izar Baba ban samu ba. Wannan yana ci na kullum. Amma ina tsugunne ƙarƙashin itacen kakan wani ne don kada tamu ta fita hannu. In bashin bikin nan ne ya matsa, faɗa mini nawa ne, zan biya a hankali kafin ƙarshen Fabrairu. In Kawu ya sake zuwa ka ce masa sai an yi shawara da ni.

Kada ka manta, jika 50 na maganin Inna ne. Kuma Auta ya rage yawon dare, labarinsa yana iso ni.

Ka gaishe da Gwaggo da Malam, ka roƙa mini addu'ar Inna. Ka kira ni ranar Juma'a bayan sallar isha, lokacin na dawo ɗaki.

Ƙaninka.