Likita, gabana ya lanƙwashe, in ci gaba da jira ne?

Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri kan wannan shiri na lafiya da kake mana duk mako. Don Allah a sakaya sunana. Ni magidanci ne, na haura shekara 45, mata biyu gare ni, kuma na daɗe ina fama da ciwon suga.

Matsalar a gabana take. Tun bara na fara jin zafi duk sanda ya miƙe, daga baya sai na ga yana karkata sama da ɗan gefen hagu, in na taɓa tsakiyarsa kuma akwai wani ƙulli mai tauri kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin fata. Na san akwai waɗanda nasu a karkace yake tun tasowarsu kuma bai hana su komai ba, to ni nawa da girmana ya same ni. Abin da nake iya tunawa kawai wani dare muna tare da iyali ya tanƙware da ƙarfi na ji zafi, washegari ya lafa ban sake bi ta kai ba.

Aminina ya ce basir ne, wani ya ce sanyi, masu lasifikar tasha kuwa kwalba ɗaya ce maganin komai a wajensu, na sha na shafa kuɗi suka tafi abu na nan. Da na je asibiti likitan mafitsara ya duba ya ce cutar Peyronie ce, wani likitan Faransa ne ya yi bayaninta tun 1743, mu nan har yau basir muke ɗora wa laifi. Ya ce tabo ne ya taru a jikin tantanin da ke lulluɓe da gaban daga ciki, wajen tabon ba ya buɗewa in jini ya cika shi ya sa yake janyo shi gefensa, ba cutar daji ba ce ba kuma cutar da ake ɗauka wajen saduwa ba, amma masu suga sun fi samunta. Ya ba ni maganin zafi ya ce ba a yin aiki sai abin ya kai shekara kuma lanƙwasar ta tsaya cak na wasu watanni.

Yanzu zafin ya ragu amma kwanciya ta zama wahala har na fara gudun ɗakunansu. Amarya ta kafe uwargida ce ta yi mini asiri, uwargida kuma gani take na juya mata baya, ni kunya ta hana ni cewa komai, gida ya ƙi daɗi wallahi.

Likita jiran nan ba zai sa abin ya ƙara lalacewa ba? Na ji aikin da ake ɗinke ɗaya gefen don ya miƙe yana rage tsawo, ragin mai yawa ne? Akwai kuma allurar Xiaflex da Amurka ta amince da ita a 2013 ga wanda lanƙwasarsa ta kai digiri 30, ana samunta a nan kuwa, talaka zai iya? Na'urar jan gaba da ake talla a Facebook fa, tana aiki ko cin kuɗi ne? Sannan matan nan, in zaunar da su ni kaɗai in yi musu bayani ko in kai su su ji daga bakin likita?

Na gode, Allah ya ƙara basira.