Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kebbi: a ware wa bakin iyaka gurbi a kasafin kuɗi

Mai Girma Gwamna, Dokta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya yi riƙo da hannunka.

Ni tsohon malamin firamare ne, mazaunin Kamba a ƙaramar hukumar Dandi. Na yi ƙarfin halin rubuto maka ne don na san alli ka riƙe kafin ka riƙe jiha, har ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, saboda haka ba za ka ga rashin kunyar malami ba idan ya ɗaga hannu a aji.

Ranka ya daɗe, jiharmu tana iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Daga Kangiwa da Bachaka har zuwa Kamba da Dole Kaina, jihar Dosso ta Nijar muke kallo. Ta ɓangaren Bagudo kuma, mutumin Tsamiya ya fi kusa da Segbana ta Benin a kan Birnin Kebbi. Dandawa da Zabarmawa da Arawa da Fulani suna nan suna can. Ƙanwata a Gaya ta Nijar take aure, 'ya'yanta da Faransanci suka yi boko, amma idan suka zo sallah tuwo ɗaya muke ci, kuma ba wanda ya taɓa neman tafinta. Abin da nake roƙo shi ne a buɗe layi na musamman a kasafin kuɗin jiha don ayyukan da ba za su yiwu ba sai da hannun maƙwabtan nan.

Na san amsar da za a fara ba ni: hulɗa da ƙasashen waje aikin Abuja ne. Haka ne. Sai dai duk lokacin da Abuja ta yi atishawa, mu ne ke kwanciya da mura. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki. Cikin Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, muka koma sayen mai a kwalba kamar turare. Iyakar Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Ba mu gama miƙe ƙafa ba aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake datse hanya, aka yanke wutar da ke tafiya Yamai daga Birnin Kebbi. Na ga manyan motoci jere a bakin hanya, direbobi sun ɗaura gidan sauro a ƙarƙashinsu, albasa tana zubar da ruwa daga buhu har wari ya hana masu shayi zama. Wani tsohon ɗalibina da ke dako a tasha ya sayar da baronsa ya tafi Legas. Har yau mahaifiyarsa idan ta gan ni sai ta tambaya ko ya kira ni.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Inuwar da muka saba fakewa a ciki ta ragu ke nan. Abin da ya saura shi ne tsofaffin hukumomi: Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, da Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe tara, dukansu da hedikwata a Yamai. Kano da Katsina sun daɗe suna zama da Maraɗi a kan harkar kasuwanci ta hanyar hukumar farko. Me zai hana Kebbi da Dosso su yi irin wannan zama? Ba a zuwa irin wannan taro hannu rabbana, dole jiha ta je da abin da za ta ajiye a faifai.

Manyan ayyuka suna da masu su. Layin wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanbil ta Benin, Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suna cikin masu zuba masa kuɗi. Ba wannan nake nufi ba.

Ruwa nake nufi da farko. Kogin Kwara yakan wuce Yamai da Gaya kafin ya shigo mana. A daminar 2020 ya yi cikar da ta shanye unguwanni a Yamai, sannan ya gangaro ya kwanta a kan shinkafar Kebbi. Tsakanin cikarsa can da isowarsa nan akwai kwanaki. Da akwai ma'aikata biyu ko uku da aikinsu kawai karɓar awon ruwa daga can su isar wa hakimai da gidajen rediyo cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, da manomi ya kwashe injin ban ruwansa da takinsa tun kafin ruwa ya iso gona. Nawa wannan zai ci? Bai kai kuɗin mota ɗaya cikin ayarin manya ba, Allah ya ba ka haƙuri.

Sai dabbobi. Saniya ba ta san kwastan ba. Idan an yi wa garke rigakafin ciwon huhu a Kangiwa, ba a yi a Dogon Dutsi ba, an zuba ruwa a kwando ne, domin mashaya ɗaya suke haɗuwa. A daidaita lokacin allura da likitocin dabbobin Dosso, a shata burtali, a sanar da ardo-ardo da sarakunan noma ranar da garke zai sauko. Yawancin rigimar kaka daga rashin wannan sanarwa take tashi.

Akwai kuma matsayar jiragen ruwa a Dole Kaina da Lolo, da rigunan ceto, da rumfunan kasuwa da wurin ajiye albasa. Game da tsaro ba sai na tuna maka abin da Lakurawa suka yi a Mera cikin Nuwamban 2024 ba. Masu wannan ta'asa suna amfani da iyaka fiye da yadda gwamnatoci ke amfani da ita, kuma dagacin da ke da lambar wayar takwaransa na ƙetare yakan ji motsi kafin jami'i ya ji.

Abu ɗaya nake tsoro, kada kuɗin ya ƙare a otal da alawus ɗin kwamiti. A rubuta kowane aiki da sunan garinsa da kuɗinsa, a manna a sakatariyar Dandi da Arewa da Bagudo, a sa sarkin kasuwa da sarkin ruwa da wakiliyar mata masu kifi cikin masu sa ido. A kuma matsa wa hukumar tarayya mai kula da raya al'ummomin bakin iyaka ta kawo nata kason.

Idan za ka zo Kamba, ranka ya daɗe, ka zo ranar kasuwa, ka bar jiniya a bayan gari. Zan kai ka wurin 'yan canjin da ke lissafin naira da sefa a kan tabarma ɗaya, su gaya maka adadin motocin da suke gani a da, da waɗanda suke gani yanzu.

Naka mai biyayya,
Tsohon malamin firamare, Kamba